Kwas ɗin bidiyo ko ajin gwaji: wanne zai koya maka yin sulhu?

Ɗan'uwa, ka tambaye ni wanne za ka yi don koyon sasanta masu rigima, kwas ɗin bidiyo ko ajin gwaji. Ka shiga ajin da ake zama ido da ido ana gwaji. Kwas ɗin bidiyon da kake haɗa shi da shi na taɓa sayen irinsa shekara uku da suka wuce, kuma har yau in na tuna raina sosuwa yake yi. Duka biyun na biya kuɗinsu na yi, shi ya sa ba zan yi maka kwana-kwana ba.

Bari in ba bidiyon haƙƙinsa, ko da yake bai taka kara ya karya ba. A ciki na fara jin rabe-raben da wasu masana biyu, Kenneth Thomas da Ralph Kilmann, suka fitar a 1974, cewa in rigima ta taso mutum ɗayan biyar yake yi: ko ya dage sai tasa ta yi, ko ya kauce, ko ya haƙura ya bar wa abokin rigimar, ko a haɗu a tsakiya kowa ya rage, ko a haɗa kai a nemo abin da zai wadatar da kowa. Ilmi ne mai kyau, amma shafi ɗaya ne, kuma za ka same shi a intanet ba ko sisi. Sauran duk wani mutum ne a gaban allo yana ce maka ka zama mai sauraro. Ka amsa 'yan tambayoyi, takardar shaida ta faɗo maka a imel. Ranar da ma'aikata biyu suka tsaya a gabana kowa jijiyar wuyansa a tashe, ko kalma ɗaya daga cikin bidiyon ba ta zo mini ba.

Ajin kuwa kwana biyar muka yi, awa 40, wanda shi ne tsawon horon farko da aka saba da shi a wurare da yawa, musamman a Amurka. Rana ta biyu aka raba mu uku-uku. Biyu su ne masu rigima, kowa an ba shi kati mai ɗauke da sirrin da ɗayan bai sani ba, na ukun shi ne mai shiga tsakani. Ni aka ba shiga tsakani. Abokan kasuwanci ne za su raba gari, kowa yana cewa shi zai riƙe kamfanin. Ko minti huɗu ba a yi ba na ce a ƙiyasta komai a raba biyu, kowa ya kama gabansa. Sai na ji malamar ta ƙwanƙwasa teburin da bironta. Ta ce, "Malam, hukunci suka zo nema wurinka?" Ta juyo mini da takardar da take rubutu a kai. Sau biyar na ce "ya kamata", tambaya kuwa ko ɗaya ban yi ba. Ta ce a sake daga farko, amma minti goma ba ni da izinin komai sai tambaya da maimaita abin da na ji. Wajen minti na takwas ɗayan ya ce shi kaya ba su dame shi ba, sunan kamfanin sunan mahaifinsa ne da ya rasu, ba zai iya ganin wani yana ciniki da shi ba. Ɗayan kuma kwastomomi yake tsoron rasawa. Ashe tun farko abin da suke ja a kansa ba ɗaya ba ne.

Wannan shi ne abin da bidiyo ba zai taɓa yi maka ba. Ba ya ganin ka. Ba zai ce maka ka katse mutum sau uku ba, ko ka fi juyawa wajen wanda ya fi iya magana, ko fuskarka ta canja da aka ambaci kuɗi. Kowa a cikinmu ya ɗauka shi mai sauraro ne har sai da aka ƙirga masa.

Labarin bambanci tsakanin abin da mutum yake cewa yana so da dalilin da ya sa yake so, duka kwas biyun sun kawo shi. Mary Parker Follett, wata masaniyar harkar gudanarwa Ba'amurkiya, ta ba da misalinsa a 1925: a wani ƙaramin ɗaki na laburaren jami'ar Harvard, wani yana son a buɗe taga, ita tana son a rufe. Shi iska yake so, ita ba ta son iskar ta riƙa bugunta kai tsaye, sai suka buɗe tagar ɗakin da ke kusa, inda ba kowa. Roger Fisher da William Ury suka faɗaɗa wannan tunani a littafinsu na 1981, har da misalin sulhun da aka yi tsakanin Masar da Isra'ila a Camp David ta Amurka a 1978, inda Masar take son ikonta a kan yankin Sinai, Isra'ila kuma take son tsaro, aka mayar wa Masar ƙasarta bisa sharaɗin taƙaita sojoji a yankin. Na san duk wannan tun daga bidiyo. Sanin labarin daban, iya riƙe bakinka har mutum ya kai ga faɗin dalilinsa daban.

Wata biyu bayan ajin, ma'aikatan nan biyu suka sake tashi a kan jadawalin aiki, kowa sai aikin yamma yake so ranar Talata da Alhamis. Wannan karon ban haɗa su ba sai da na ga kowa shi kaɗai. Na farko ya zauna ya harɗe hannu, ya ce shi ya gaji da son kai. Na ce, "Ka ce son kai, me ya faru da ya sa ka ga haka?" Sai na yi shiru. A aji an koya mana mu ƙirga har goma a zuci kafin mu cike shiru, kuma wallahi goman nan tana da tsawo. Ina bakwai ya sauke hannu, ya ce ranakun ne yake kai mahaifiyarsa wankin ƙoda da safe, bai so kowa ya sani ba. Na biyun kuwa ranakun ba su dame shi ba. Sau uku ana canja jadawali ba a tambaye shi ba, sai dai ya gani a manne a bango. Da na haɗa su, bayan na nemi izinin na farko a kan iya abin da zan faɗa, kalmar "ya raina ni" da na biyun yake faɗa na mayar da ita "yana so a riƙa tuntuɓarsa kafin a canja". Su da kansu suka rubuta yarjejeniyar, layi huɗu, suka sa hannu. Ban ba da shawara ko ɗaya ba.

A gida ma ya yi mini amfani, amma can ya fi wuya, don kowa ya san ɓangaren da zuciyarka take. Kai ma ka kula da wannan a ofis. In kai ne shugabansu, kai kake rubuta musu rahoton ƙarin girma, ba kowa zai saki jiki da kai ba. Rigimar da ta taɓa ka, nemo wani daga waje. Inda kuwa akwai duka, ko barazana, ko cin zarafi, wannan ba wurin zaunar da mutane biyu a tebur ɗaya ba ne, hukuma ake kai wa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan damfara, don sun cika wannan harkar. Za ka ga talla an jera tambarin manyan ƙungiyoyin duniya, an ce cikin awa biyu ka zama ƙwararren mai sulhu na ƙasa da ƙasa, an ce rangwamen yau zai ƙare. Wanda na saya ma haka ya yi mini. Har masu ajin ido da ido akwai na bogi: su tara mutum ɗari a zaure, su yi ta nuna hotuna a majigi, su kira shi horo. Kafin ka biya, tambaye su awa nawa ne na gwaji a cikin awannin, ɗalibai nawa malami ɗaya yake lura da su, wa zai zauna ya kalle ka ya gaya maka kurakuranka, kuma malamin shi kansa rigima nawa ya taɓa sasantawa. In sun ce wata hukuma ta amince da su, ka shiga shafin hukumar da kanka ka nemi sunansu. Wanda ya fara kame-kame, ko ya ce ka tura kuɗi tukuna a yi maka bayani, rabu da shi.

In ajin ya fi ƙarfin aljihunka yanzu, ka jira ka tara, kada ka ce bari ka rage zafi da bidiyon. Kafin lokacin, samu abokai biyu su ƙirƙiro rigima, ka zauna tsakaninsu minti goma, ka ɗauki muryarku a waya. In ka koma gida ka saurara, ka ƙirga sau nawa ka ce "ya kamata".