Silikon ko farin siminti: me za a cike kusurwar makewayi da shi?

Duk wanda ya sa karo a makewayi ya san inda ɓarna ke farawa: kusurwar da bango ya haɗu da daɓe, gefen lababo, da gindin tiyo. Ruwa ya samu ƴar kafa ya shige, kafin shekara ta zagayo fentin ɗakin da ke bayan bangon ya fara kumbura yana ɓarewa.

Yawancin maginanmu a Maradi farin siminti suke shafawa, don yana da araha kuma yana kusa. Tsakanin karo da karo ba laifi. A kusurwa kuwa ɓata lokaci ne, saboda gini na motsi: zafin Afrilu ya buɗa shi, sanyin hunturu ya tsuke shi, siminti ba ya miƙewa, tsagewa yake. Mastik na akrilik, wani abin cike tsaga mai karɓar fenti, na gefen taga ne, ruwa ke cinye shi. Epoksi kuwa, wani gam mai ƙarfi da ake cakuɗawa kafin a shafa, sai mai kuɗi da gwanin hannu.

Ni dai silikon, abin cike tsaga da ake matsowa daga bututu ya bushe kamar roba mai miƙewa, nake ba kowa shawara, wanda aka rubuta na ɗakin wanka ne, domin an sa masa maganin baƙin funfuna. Iri biyu ne. Akwai mai warin binega, yana kama karo da gilashi sosai, amma yana cin ƙarfe kuma ba ya jituwa da siminti tsirara ko marmara. Akwai marar wannan wari, ya ɗan fi tsada, yana zama kan kusan komai. Shi na fi so. Bututu ɗaya kan ɗauki mililita 280 zuwa 310. A kankare tsohon tas, don sabo ba ya kama tsoho, wurin ya bushe ƙayau, a matsa, a lailaye da yatsa mai ruwan sabulu. Danshin iska ke busar da shi, wajen milimita 2 zuwa 3 a kwana, saboda haka a lokacin hunturu a ƙara masa haƙuri kafin a watsa ruwa.

Sai batun jabu, wanda ya taɓa ƙona ni. Na sayi wani mai kwali mai kyau, bayan ƴan watanni ya tsuke ya bar mai a gefen karo, ƙura ta manne. An tsinka shi da mai ne. Ka ɗaga bututun ka ji nauyinsa, ka juya gindin ka ga ko an tura murfin can ciki don a rage abin da ke ciki. Duba kwanan wata, musamman in an liƙa wata takarda a kai. Silikon na da wa'adi, wanda ya daɗe a shagon kwano cikin zafinmu kan daskare, ko ka shafa ya ƙi bushewa sam. In mai shago ya ce maka "Alhaji, duk ɗaya ne", ce masa ya buɗe ɗaya ya matsa kaɗan kan kwali, ka dawo gobe ka ja shi da hannu. In ya miƙe bai tsinke ba, ka saya.