Allon karatun da na tafi tafsiri da shi Jugu

Kafin 2022, duk shekarar da aka tura ni tafsirin azumi Jamhuriyar Benin, jaka biyu nake ɗaurewa: ƙarama ta tufafi, babba ta littattafai. Babbar nan ita ce wahalar hanya. Daga Birnin Kebbi zuwa Kamba direba zai ce sai an biya mata kuɗin kujera. A Gaya a kwance ta, a tsallaka gadar Kwara zuwa Malanbil a sake kwance ta, jandarma yana juya mujalladi yana tambaya da Faransanci ko na sayarwa ne. Kafin mu wuce Kandi da Faraku mu sauka Jugu, bangon wani littafin ya ɓalle, kafaɗa kuma ta yi tsami.

Ɗan 'yar'uwata da ke karatu a Masar ne ya zo hutu ya tarar ina ɗaurin kaya. Ya miƙo mini wata 'yar na'ura mai faɗin tafin hannu biyu, ya ce, "Kawu, ka aje wagga jikka, ka gwada wagga." Na'urar karanta littattafai ce, irin su Kindle da Kobo da ake sayarwa, allonta bai cika inci 7 ba, nauyinta kuma bai wuce na waya ba. Ya kwana biyu yana zuba mini littattafai daga kwamfutarsa ta kebul, da wata manhaja ta kyauta mai suna Calibre: tafsirai, fiƙihun Malikiyya, hadisi, ƙamus, da Diya'ut Ta'wili na Malam Abdullahin Gwandu, wanda ba na zama tafsiri ban duba shi ba. Ɗalibaina suna ganinta suka sa mata suna allon Malam, sunan kuwa ya bi ta.

Abin da ya fara burge ni fuskarta. Ba ta haska ido kamar waya. Ƙananan ƙwayoyin tawada ne, baƙaƙe da farare, a cikin allon. In ka juya shafi wuta ta tura su su jeru su zama rubutu, daga nan su tsaya cak, ba su ƙara cin batir sai ka sake juyawa. Shi ya sa rana ba ta dame ta. Azumin 2022 a Afrilu ya faɗo, zafi ya kai maƙura, ɗaki ba ya zaunuwa da hantsi. Sai in shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro in yi muɗala'a, rubutun yana fitowa tar kamar a takarda, alhali waya a irin hasken nan sai ka kāre ta da hannu kafin ka ga komai. Da dare kuma tana da fitilarta a gefen allo, mai haska shafin ba fuskar mai karatu ba. Alaramman da ke ja mini baƙi ɗaki ɗaya muke kwana. Nakan tashi kafin sahur in duba darasin gobe, bai taɓa farkawa saboda haske ba.

Batun caji, abin da aka rubuta a kwali na makonni da yawa lissafin mai karatun rabin awa ne a rana. Ni da nake yin awa biyu zuwa uku, sau biyu na sa mata caji a wata guda da 'yan kwanaki, kuma na kashe mata intanet tun daga gida. Ga wanda ya sauka ƙauyen da wuta sai an tayar da janareta lokacin tarawihi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a tuna, soket ɗin Benin da Nijar mai baki biyu zagayayye ne irin na Faransa, ba irin namu mai ƙafa uku ba. Kan cajar da zai shiga a nema tun kafin a tashi.

Inda ta ba ni wahala shi ne tsofaffin littattafanmu. Waɗanda aka sake bugawa da kwamfuta, wato EPUB, lafiya lau: ka ƙara girman harafi yadda idonka yake so, ka nemi kalma ta fito nan take. Amma yawancin abin da malami ke buƙata hoton shafi ne aka ɗauka aka mai da PDF, musamman masu jar takardar nan da matani a tsakiya, sharhi da hashiya kewaye da shi. A ƙaramin allo sai su koma kamar sawun tururuwa. In ka kwantar da allon ka faɗaɗa, kana ja sama kana ja ƙasa, tana nauyin amsawa, kuma neman kalma ba ya aiki a hoto. Launi babu, don haka Mus'hafi mai launukan tajwidi duk toka-toka yake fitowa. Rubutun Hausa ma da farko ƙ da ɗ da ɓ sun riƙa fitowa a karkace, ba su dace da sauran haruffa ba, sai da yaron ya sa mini wani salon harafi mai suna Charis suka daidaita. Ga kuma lambar shafi: ta EPUB ba ta bin ta bugun takarda, ga shi mu a zaure da juzu'i da shafi ake kafa hujja.

Wannan na ƙarshen na gan shi ido da ido. Jugu tsohon zangon fatake ne a hanyar goro ta Gwanja, har yau akwai jikokin Hausawa a can, ko da yake Dandanci ya fi yawa a bakin mutane. Wata rana bayan la'asar limamin unguwar, dattijo mai kusan shekara tamanin, ya tambaye ni hukuncin wanda ya manta zaman tahiyar farko ya miƙe tsaye. Na ba shi amsa, na buɗe babin a Risala cikin ƙiftawar ido, na miƙa masa allon da hannu biyu. Ya karɓa, ya juya bayansa, ya shafa gefensa da yatsa yana neman kaurin takardu. Ya ce, "Ɗana, na ji maganarka, amma wannan farkonsa ina, ƙarshensa ina?" Ya aiki jikansa ya ɗauko gafaka. Ya zaro Risalarsa warwara, gefen takardun ya yi baƙi saboda hannu, ya lasa yatsa ya buɗe kusan daidai wurin, muka karanta tare. Lafazi ɗaya ne. Sai a lokacin ya gyaɗa kai, mutanen da ke zaune su ma suka natsu. Na ce, "Allah ya ƙara wa Baba Liman lafiya," kuma tun daga ranar ban sake hawa kujerar tafsiri da allo kaɗai ba. A ɗaki nake shiri da shi, a gaban jama'a in buɗe takarda. Dattijon yana da gaskiya: wanda bai san na'ura ba, ba shi da hanyar tabbatar da cewa abin da aka nuna masa daga littafin ya fito.

Abin da ya fi taɓa ni ranar dawowa ne. A da, jakar nan mai nauyi kusan wofi take komowa, don littattafan rabar da su nake yi: wannan ga liman, wannan ga mai makarantar dare, wannan ga yaron da na ga yana da ƙoƙari. A shekarar kuwa wani matashi da bai fashi zama ko ɗaya ba ya rako ni tasha a kan kabu-kabu, wanda can suke ce wa zemijan. Da zan shiga mota ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ko Ahalari ne a bar mini." Littafi sama da ɗari biyu a aljihun rigata, amma babu ɗaya da zan iya zarowa in ba shi, shi kuma ba shi da babbar waya balle in tura masa. Kuɗi na ba shi ya saya, ban kuma ji daɗin hakan ba har muka iso Kamba.

Duk da haka ban ajiye ta ba, kuma duk mai fita da'awa ko wa'azi ƙetare da ya tambaye ni, ce masa nake ya saya. In yawancin littattafansa hoton shafi ne, ya daure ya nemi mai allon inci 10, ko da ta fi tsada. Ya sa mata riga mai murfi, don gilashin cikinta siriri ne, matsin kaya a bayan mota kan fasa shi. Ya kuma ajiye kwafin komai a katin waya ko filashi.

A azumin 2023 da na koma, allon yana aljihu, jakar hannu ɗauke da Jalalaini da Risala na takarda, sai kwali guda da na cika da Ahalari da Ishmawi da Arba'una Hadisi daga babbar kasuwar Birnin Kebbi. Matashin nan ne ya tarbe ni a tasha, shi na fara buɗe wa kwalin.