Takunkumin KN95 da nake saya saboda Hajiya

Ranar da na shiga Kantin Kwari da wannan farin takunkumi mai tsini kamar bakin tsuntsu, maƙwabcin shagona ya dube ni ya ce, "Alhaji, korona ai ta tafi ta bar ka." Dariya kawai na yi. Ba don kaina nake sa shi ba. Hajiyarmu ta haura shekara 70, ga ciwon suga ga asma, ni kuwa yini nake cikin cunkoson kasuwa da adaidaita sahu, da magariba kuma ɗakinta nake fara shiga.

Duk wanda ya yi azumin 2020 a Kano ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona, kafin ƙarshen wata Buhari ya rufe garin, dattawa kuma suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Lokacin na yadi muke sawa, wanda tela ya ɗinka da ragowar shadda. Ya fi babu, amma ta gefen kunci iska shiga take yi ta fita abinta. Shuɗin nan na asibiti ma haka.

Wannan daban ne. A wani kemis na unguwarmu nake saye, goma-goma a leda. Yana da 'yar waya a karan hanci, in ka matse ta sai ya kama fuska tsaf. Ni mai tabarau ne, kuma da shi gilashina ba ya yin hazo. Lambar 95 ɗin na nufin na gaske yana tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan abubuwan da ke yawo a iska. Duba jikinsa, ya kamata ka ga GB2626, lambar ƙa'idar ingancinsa, a buge. Da hunturu za ka ga aikinsa da idonka: ka fita da shi fari tas, ka dawo ya yi ruwan ƙasa.

Yaron kemis ɗin ya kyauta mini. Na ɗauki mai ɗan murfin roba a gefe, don ya fi sauƙin numfashi, sai ya ce, "Baba, in don mara lafiya ne a gida, ajiye wannan. Ta nan numfashinka zai fita ba a tace ba." Da wani ne sai ya sayar mini ya yi shiru, tunda ya fi tsada.

Inda ya gaza: igiyar kunne. A leda ta biyu guda uku suka tsinke, ɗaya ina mayar da shi bayan alwalar la'asar. Zafin Afrilu kuma gumi yake tarawa, kafin azahar ya jiƙe. Mai cikar gemu ma ya sani ba zai kama masa sosai ba. Kuɗinsa ya ninka na shuɗin sau da yawa, don haka nake ajiye shi sai ranar da nake mura, ko zan kai Hajiya ganin likita, ko kamar 2023 da mashaƙo ya addabi Kano.

Ita dai har yau in na shigo da shi sai ta ce, "Likita bokan Turai, zauna can nesa, ga tuwonka nan."