Jar fatar ta yi kyau, amma ta zuba a kan sandar mai gidana

Wata uku ke nan da na karɓi hulunan sandar golf guda uku daga hannun wani yaro baduku na unguwar Aboabo a Kumasi, wanda da yawanku kuka ga kayansa a Instagram. Abokai sun yi ta tambayata ko su saya, ni kuwa na ƙi cewa komai sai damina ta gwada kayan. To, ta gwada.

Tun ina ɗan shekara 14 nake shiga filin Royal Golf Club na nan Kumasi, kuma da ɗaukar jaka na fara. Wanda na fi daɗewa ina yi wa ɗauka wani Alhaji ne ɗan kasuwar goro. Shi ya koya mini riƙon sanda, shi ya kai ni Suame, unguwar makanikai da masu kayan mota, ya haɗa ni da wanda na koyi sayar da kayan mota a hannunsa. Da jiki ya fara ƙi masa, ya kira ni gida ya miƙo mini direbansa, babbar sandar nan ta bugun farko, mai farin kai irin wanda aka yi yayi a wajajen 2011. Bai ƙara shekara ba Allah ya yi masa rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Sandar ta tsufa, an fito da waɗanda suka fi ta nisa, amma har yau da ita nake buɗe wasa.

Wanda bai taɓa ɗaukar jaka ba zai ɗauka hular sanda ado ce kawai. Sanduna har 14 doka ta yarda mutum ya zuba a jaka ɗaya, kuma duk takun da mai ɗauka ya yi, na ƙarfen suna bugun kan direba. Shi kuwa kan, duk girmansa, cikinsa fanko ne, bayansa siriri, fenti ne kawai a kai. Sati biyu ba hula, za ka ga ya cika da tabo. Tsohuwar hular Alhaji ta mutu murus, ɗinkin ya saki, don haka dole na nemi sabuwa.

Na daɗe ina sha'awar yadda 'yan wasan waje suke ɗaukar wannan abu da daraja. Kowa ya san hular sanda mai siffar damisa da ke kan jakar Tiger Woods, wadda mahaifiyarsa ta ba shi, da mai siffar kare da ke kan ta Rory McIlroy. A Amurka akwai masu tara hulunan Scotty Cameron, wani shahararren maƙerin sandunan golf, kamar yadda tsofaffinmu suke tara hulunan kai, ba sa ma sa wa sanda, a kabad suke jera su. Da na ga yaron Zango yana yin irin wannan da fatarmu da saƙarmu, kowace hula da lambarta, raina ya yi fari. Ban yi ciniki ba.  Rabin kuɗin na tura ta momo, wato asusun kuɗi na waya, a ranar.

Ranar da kayan suka iso shago, na kira maƙwabtana su zo su gani. Ta direba jar fatar akuya ce mai laushi, ka matse ta a hannu ta koma yadda take, ƙamshin bagaruwar jima yana tashi. A goshinta ya saƙa dagi da siraran tsinken fata, baƙi da ruwan ɗorawa, ɗinkin basilla a jere kamar haƙoran mataji, ba inda zare ya leƙo. A ciki wajen wuya ya buga lamba: 7 cikin 20. Ta biyu saƙin fugu ce mai ratsin baƙi da fari, irin na batakari, rigar saƙi ta Arewacin Ghana. Ta sandar tura ƙwallo rami kuma baƙar fata ce da ɗan ƙyallen kente na Bonwire, garin masaƙan kente, a gefe. Asabar ta farko da na fita da su, mutum huɗu suka tsayar da ni, har da wani likita Ba'asante da ya ɗauki hotonsu ya karɓi lambar wayar yaron. A ranar, da an ce in ba da maki, da na ba shi duka na ƙara masa da addu'a.

Sai wata Asabar a cikin Yuni. Mun gama rami na shida hadari ya haɗo, kafin mu kai mafaka ruwa ya sauko irin na Kumasi, wanda laima ba ta yi masa komai. Mun fake kamar minti ashirin, jakunkuna sun jiƙe sharkaf. Da ya tsagaita muka koma, na kama hular zan cire, sai na ga farar safar hannuna ta koma ja. Gabana ya faɗi tun kafin in duba. Na zare hular, ga kan sandar nan, farin nan da Alhaji ya yi shekaru yana gogewa da tawul bayan kowane bugu, ya rine kamar an zuba masa zoɓo. Jan ya kwanta a bayan kan, ya gangara ta gefe, har ya shiga cikin rubutun. Yaron da ke ɗauke mini jaka ya sa tawul yana gogewa da ƙarfi, yana cewa, "Kawu, zai fita, zai fita." Tawul ɗin ya yi ja, kan bai koma fari ba. Ban iya ƙarasa wasan ba. Na ba abokan wasana haƙuri na koma mota.

A gida na juya hular na duba cikinta da kyau, abin da ya kamata a ce idona ya kai tun farko. Shafin da ya yi mata iyakarsa wuya, wurin da mai saye zai leƙa. Can ciki inda kan sanda yake zama, tsurar fata ce mai rini, ba komai tsakaninta da fenti. Wannan shi ya fi ƙona mini rai, domin wanda ya iya saƙa wancan dagin ya san amfanin shafi.

Na wanke da sabulu, na gwada man goge baki, na kai wa wani mai fentin mota a Suame da na amince da hannunsa. Ya juya kan a rana ya ce farin nan ba mai sheƙi ba ne, irinsa yana shan launi, kuma in ya sa tina, ruwan narkar da fenti, zai cinye fentin gaba ɗaya. Ya ɗan goge da abin da yake da shi, jan ya dusashe, amma inuwarsa tana nan.

Na tura wa yaron hoto. Amsar da ya turo da murya ita ce, "Kawu, ai ka san fata ba ta son ruwa." Na saurare ta sau uku. Garin da damina take zuwa sau biyu a shekara, ga raɓar safiya da ke jiƙa ciyawa ko ba a yi ruwa ba, a ce an sayar wa ɗan golf hular da ba ta son ruwa, kuma ba a faɗa masa ba! Wasa ɗaya awa huɗu ne a fili, ba rufi. Washegari bayan la'asar na ɗauki sandar da hular na tafi Aboabo, zuciyata tana tafasa.

A can na tarar da mahaifinsa, dattijo, yana zaune a kan buzu yana ɗinka gidan wuƙa. Ban gama bayani ba ya miƙo hannu ya karɓi hular. Ya tsoma farin tsumma a ruwan buta, ya goga sau ɗaya a cikinta, ya ɗaga wa ɗansa tsumman. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wannan garin rinin kasuwa ne, ba karan dafi ba, kuma ba a ɗauraye fatar ba bayan rini, ba a murza mata mai ba, an yi gaggawar yanka ta. Sannan ya karɓi sandar ya daɗe yana kallon tabon. Da na gaya masa ta wane ce, ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri. Laifin gidan nan ne, kuma gidan nan zai gyara abin da yake iya gyarawa." Yaron ya sunkuyar da kai ya ba ni haƙuri. Na shiga da niyyar karɓar kuɗina, na fito na bar musu hular.

Bayan sati uku suka kira ni. Sabuwar fata ce dattijon ya zaɓa da kansa, an yi mata shafi biyu, na farko irin yadin laima, na ciki kuma yadi mai taushi kamar bargon jarirai. Ko sidi ɗaya ba su karɓa ba. A gabansu na shimfiɗa farin hankici, na kwara wa hular ruwa, na matse ta a kai. Hankicin ya fito fari tas. Tun daga lokacin ruwa ya dake ta sau biyu a fili, ba ta zuba ba. Ta fugun ma ba ni da abin cewa a kanta, ta jiƙe ta bushe, tana nan yadda take. A kan wannan zan iya cewa aikin hannunsu ya fi hulunan roba da ake shigo da su, waɗanda suke ɓarewa kamar ɓawon albasa bayan shekara ɗaya.

Amma duk lokacin da na kusa hucewa sai wani abu ya taso. Tun farko kwana goma ya ce mini, sai da na yi sati biyar ina bin sa da waya, kullum "gobe in sha Allah". Maganaɗisun da ke rufe baƙar hular ba shi da ƙarfi, sau biyu tana faɗuwa a fili, na biyun sai da wani mai yankan ciyawa ya tsinto mini ita. Na faɗa masa, ya ce zai canza, har yau. Kuma tabon nan yana nan. Duk safiyar Asabar in na sunkuya zan yi bugun farko, shi idona yake fara gani, a daidai inda Alhaji yake ɗora babban yatsansa in yana nuna mini tsakiyar kai.

In za ka sayi ta fugu ko ta kente, saya. In jar fata ce ko wata mai rini, ka tafi da farin tsumma da ruwa, ka juya cikinta har ƙasa, ka goga kafin ka tura sauran kuɗin. Ka sa hannu ka ji ko shafin ya kai ƙarshe.

Abin da ya hana ni yafe masa gaba ɗaya shi ne sauran 19 ɗin. Duk rini ɗaya aka yi musu. Na roƙe shi a gaban mahaifinsa ya kira duk wanda ya saya ya gaya masa, ya ce to. Har yanzu hotunan jar hular suna kan shafinsa, ba kalma ɗaya ta gargaɗi. Shekaranjiya na haɗu da likitan nan, lamba 12 ce a jakarsa, kuma ba wanda ya kira shi. Ni na sa ya cire ta a nan take, na ara masa tsohuwar safa ya rufe kan sandarsa da ita.