Yaya, batun girandar da kac ce in aiko maka daga Ingila

Assalamu alaikum Yaya, ina gajiya, ina iyali, ya zafin Sakkwato. A gaida su Inna da kyau. Na ga saƙonka na in duba maka injin yankan ƙarfe nan Manchesta, tunda kana son ka riƙa yanke rodi da angul na aikin gidan Mabera da kanka, ba sai kullum an loda ƙarfe a Keke Napep an kai wurin masu walda ba. To ni dai shawarata ka sayi girandar nan gida, ni kuma in aiko maka da duwatsun yanka masu kyau da gilashin rufe fuska da abin toshe kunne, don wallahi tunda nif fara aiki wurin masu haɗa ƙofofin ƙarfe nan, abin da na lura shi ne ba ga inji sunka fi mu ba, ga dutse ne da kuma yadda suke riƙon abin.

Injin kanshi ba wani abin mamaki. Ka shiga manyan shagunan kayan aiki irin su Screwfix ko B&Q ka juya kwalin, da yawansu China anka rubuta, daidai da su Ingco da Total da ke cike da shagunanmu. Abin da suke da shi wanda ba mu da shi rasit ne mai ƙarfi, akwai doka tun 2015 da ta ce in ka sayi kaya ya zamo da matsala cikin kwana 30 kana iya mai da shi a ba ka kuɗinka, kamfanin ƙera injuna irin Makita kuma in ka yi rajistar injin a intanet suna ba da garantin shekara 3. To amma wanga garanti mi zai yi maka a Sakkwato? In ya ƙone wa za ka kai ma? Nan kuma sai in ce gida ya fi. A nan Ingila in kabon ya cinye ko koyil ya ƙone, mutane da yawa jefarwa suke su sayi sabo don kuɗin hannun mai gyara ya fi kuɗin injin, ina ganin injuna masu rai a kwandon shara raina shina ɓaci. Mu ko yaro ɗaya a bakin kasuwa zai buɗe ta shi sa kabon, shi sake naɗa koyil, kafin la'asar ta tashi. Shi yas sa nike cewa ka sayi irin wadda masu gyaran garin sunka sani kuma kayanta ke akwai.

Sannan don Allah in wani ya ce zai kawo maka ta hannu mai arha daga nan, ka ce shi duba fulogin. Wutar gida a Ingila 230 ce awa tamu, har bakin soket ɗin mai ƙafa uku iri ɗaya ne, amma wuraren gini suna aiki da injuna masu cin 110, masu zagayayyen fulogi ruwan ɗorawa, sai da taransfoma. Irinsu sun cika kasuwar kayan hannu. Ka yanke fulogin ka jona ta ga wutarmu, nan take ta tafi. Na Amurka ma 120 ne, hukuncinsu ɗaya. Mai batir kuma tana da daɗi inda babu wuta, amma yankan ƙarfe na shan caji da sauri ƙwarai kuma batirin shina da tsada.

Girma kuma, ƙarama mai dutsen milimita 115, wadda ake cewa inci huɗu da rabi, ta ishe ka rodi da angul da fayif da kwano. Tana cin wat 700 zuwa 900 haka, janareta matsakaici na ɗaukarta, amma ban da ɗan ƙaramin nan na kunna fanka da talabijin. Babbar mai inci 9 tana cin wat 2000 ko fiye, tana da nauyi, in ta fizge ka ba ka iya riƙe ta, ka bar ma masu walda kayansu.

Yanzu ga dutsen, inda nike son ka natsu. Ranar da anka fara sa ni aiki ba su bari na taɓa inji ba sai da anka zaunar da mu anka koya muna karanta dutse, don dokar aiki nan ta ce sai wanda anka koya ma zai ɗaura shi. Mai koyarwar ya miƙo min ɗaya ya ce in duba zoben ƙarfen da ke tsakiya. Ashe akwai wata da shekara a buge jikin zoben, ƙananan lambobi sai ka karkata shi ga haske kake ganinsu. Dutse awa magani yake, shina da ranar ƙarewa, galibi shekara 3 daga ƙerawa, don ƙaron da ya riƙe yashin jikinshi shina rauni da daɗewa, balle in ya sha raɓa ko zafin rana. Nan in ranar ta wuce, ogan namu da hannunshi yake karya su shi zuba a shara ko da sababbi ne fil a kwali. Na tuna yadda ake rataye su ga ƙusa bakin shago a gida, rana ta doke su, ƙurar hunturu ta rufe su, damina ta zo ta tarad da su nan, ba mai saye ba mai saidawa babu wanda ya taɓa duba zoben. In za ka saya ka duba, in babu kwanan wata ko kaɗan ka aje mishi kayanshi. Masu kyau za ka ga an rubuta EN 12413 a jiki, lambar ƙa'idar inganci ta Turai ke nan.

Akwai kuma lambar gudu. Dutsen 115 an rubuta mishi juyi 13,300 a minti, ƙaramar giranda kuma tana yin wajen 11,000, ka ga ya ɗauke ta. Na inci 9 iyakarshi wajen 6,600 ne. To ka duba abin da ake yi gida, a cire murfin kariya don babban dutse shi shiga ƙaramin inji wai don shi daɗe bai cinye ba, ana juya shi kusan ninki biyu na abin da zai iya. In ya fashe gutsattsarin fuska da wuya da ciki suke nema, kuma murfin da zai tare su an riga an jefar. Wanga abu shina tayar min da hankali duk sadda na ga hotunan yaranmu a bakin aiki, da silifas, da baƙin gilashin kasuwa, wani ma ido kawai yake rintsewa. Yaya kar ka cire murfin nan ko wa ya ce maka shina tare gani, juya shi ake yi shi koma tsakaninka da dutsen. Hannun gefe ma ka ɗaura shi, hannu biyu ake riƙe ta. Kuma har abada kar a sa mata zarton katako mai haƙora.

Dutsen yanka siriri ne, milimita 1 zuwa 3, na gurza mai kauri ne wajen 6. Kar ka yi gurza da gefen siririn, a nan yake tsagewa. Wurin yanka ka damƙe ƙarfen da kyau, ba yaro ya taka maka da ƙafa ba, ka bar guntun da zai faɗi a sake ta yadda bakin yankan zai buɗe, don in ka tokare ƙarfen ta kai biyu ka yanka tsakiya, sai ya lanƙwasa ya cije dutsen, injin ya yi tsalle ya dawo kanka. Ka bari ta gama ɗaukar gudu kafin ka taɓa ƙarfe, kar ka danna, kar ka murɗa, nauyinta ya isa. In ka gama ka jira ta tsaya cak kafin ka aje. Babbar riga da hannun kaftani mai faɗi da rawani a tuɓe su tukuna.

Tartsatsin kuma shina tafiya nesa fiye da yadda kake zato. Nan kafin a yi yanka a cikin gini sai an ba da takardar izini an aje abin kashe gobara kusa. Mu gida ga jarkar fetur ta janareta, ga zana, ga harawar tumaki a tsakar gida lokacin bazara komi ya bushe. Ka kwashe su, ka kore yara, ka aje bokitin yashi. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar mai kar ka kusance shi da giranda ko an ce maka an wanke, tururin da ya rage ciki ya isa shi tashi da mutum.

Wani abu da su nan bai dame su ba sosai amma mu ya shafe mu kai tsaye, shi ne ɗauke wuta. Yawancin ƙananan girandoji makunninsu turawa ake shi maƙale. Kana cikin yanka NEPA ta ɗauke, ka aje inji ƙasa ka tafi shan ruwa, an maido wuta, sai ta tashi da kanta tana birgima tsakar gida. Sababbin da ake saidawa nan da yawa suna da wata kariya da ba su tashi sai ka kashe ka sake kunnawa, wasu kuma makunnin matsawa ne, kana saki ta mutu. In ka samu irin wannan a kasuwa ka ƙara kuɗi ka ɗauke ta, ta cancanta. In ba ka samu ba, duk sadda wuta ta tafi ka kashe makunni ka zare fulogi kafin komi, haka ma in za ka canza dutse. Kafin ka biya ka ɗauki hoton takardar da ke manne jikin injin ka turo min ta WhatsApp in ga lambobin, don ramin dutsen nan milimita 22 ne da ɗan kai, na ƙananan injunan inci 4 kuma 16 ne, kar in aiko wanda ba zai zauna ba.