Kafin ka biya a gina maka shafin karɓar tokin

Tun bayan guguwar wasannin Telegram na Notcoin da Hamster Kombat a 2024, wasu matasanmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 sun wuce matakin taɓa allon waya suna jiran a fashe. Sun fara haɗa nasu tokin, wato kuɗin kirifto, suna neman wanda zai gina musu shafin da jama'a za su haɗa walat, wato asusun kirifto, su karɓi rabonsu. Kusan dukansu abu ɗaya suke gaya wa mai rubuta manhaja a Yaba: shafin ya yi aiki a kan kowane bulokcen, wato rajistar intanet da tokin ke zama a kanta. A nan kuɗi ke zurarewa.

Bulokcen ɗin ba dangi ɗaya ba ne. Ethereum da BNB Chain da Polygon da Arbitrum da Base duk tsarin Ethereum mai suna EVM suke bi, kwantiragi ɗaya, wato manhajar da ke raba tokin, da aka rubuta da harshen Solidity zai zauna a kansu, walat ɗaya irin MetaMask ko Trust Wallet ya ishe su. Solana kuwa da harshen Rust ake yawan rubuta mata, tsarinta daban, TON ma nata tsarin daban. Duk gidan da ka ƙara daga wajen EVM, aiki ne sabo da farashinsa.

Hanya mafi arha ita ce ɗaukar abin da aka riga aka gina, irin thirdweb ko Sablier, ko Streamflow ga masu Solana. Ka ɗora jerin adireshi da adadin kowa, su ba ka shafi. Ga ƙaramin rabo na ƙungiya, ni wannan zan zaɓa. Sai dai kana ƙarƙashin dokarsu da cajinsu, kuma bulokcen ɗin da ba su ɗauka ba, kai ma ka haƙura da shi.

Idan naka za ka gina, zauna da maginin ka tambaye shi yadda kwantiragin zai gane mai rabo. Akwai tsarin bishiyar Merkle, wanda kasuwar musayar kirifto ta Uniswap ta yi amfani da shi a Satumbar 2020 ta raba tokin ɗinta na UNI guda 400 ga kowane adireshin da ya cancanta. Ana dunƙule jerin sunaye kaf ya zama lamba guda a ajiye a kan bulokcen, mai karɓa ya zo da shaidarsa. Ba ya buƙatar a amince da kai, amma in ka manta wani, sai an sauya lambar. Akwai kuma tsarin sa hannu, inda sabarka, wato kwamfutar da ke riƙe da shafinka, ke ba kowa izini. Yana da sauƙin gyara, amma ranar da aka sace mabuɗin sabar, an sace rumbun gaba ɗaya. Merkle ya fi kwanta mini a rai.

Babbar tambayar ita ce wannan: me zai hana Malam Wane ya karɓa a Polygon, ya juya ya sake karɓa a Base? Kwantiragin da ke nan bai san abin da ya faru a can ba. Maganin da ya fi sauƙi shi ne kowa ya zaɓi bulokcen ɗaya tun lokacin rajista, a yi wa kowane nasa jerin. In sa hannu ne, dole lambar bulokcen ta shiga cikinsa kamar yadda tsarin sa hannu na EIP-712 ya tanada, 56 ga BNB, 137 ga Polygon, 8453 ga Base. Wani magini zai kwaɗaita maka gada, wato LayerZero ko Wormhole, domin kwantiragin da ke nan da wanda ke can su riƙa aika wa juna saƙo. Tana aiki, amma ka tuna an kwashe sama da dala miliyan 300 daga Wormhole a Fabrairun 2022. Ƙaramin aiki bai kai ya ɗauki wannan kaya ba.

Sai fuskar shafin. Mutanenmu da waya suke shiga, sau da yawa a cikin danfo, intanet na zuwa yana ɗaukewa. Ka sa a gwada shi a gabanka da ƙaramar Tecno. Ya nuna adadin da mutum zai samu da kuɗin gas, wato cajin da bulokcen ke karɓa, kafin ya danna, ya sauya bulokcen da kansa, kuma in layi ya katse kada ya ce an biya alhali ba a biya ba. Ka biya kuɗin mai haɗa shafin da bulokcen, irin Alchemy ko Infura, kada ka dogara da na kyauta. Shafin Arbitrum kansa ya durƙushe ranar rabonsu a Maris ɗin 2023 saboda cunkoso. Kuma shafin karɓa ba shi da dalilin neman izinin taɓa abin da ke cikin walat ɗin mutum, balle kalmomin sirri 12 da ke buɗe walat ɗinsa. Maginin da ya sa wannan, ku rabu.

Kafin ka biya rabin kuɗin ƙarshe, a gwada komai a bulokcen na gwaji, wani masani daban ya duba kwantiragin, mabuɗan mallaka su dawo hannunka. Ka kuma ga lauya, domin dokar zuba jari ta Najeriya ta 2025 ta sa kadarorin dijital a ƙarƙashin kulawar SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari.