ORBIS: shafin da ke lissafa kuɗin hanya a zamanin Rumawa

Ni malamin labarin ƙasa ne, kuma ban ga abin da ke saurin fahimtar da ɗalibi darajar hanya kamar shafin ORBIS na Jami'ar Stanford ba. Kyauta ne. Walter Scheidel da Elijah Meeks suka fito da shi a 2012.

Za ka zaɓi garin tashi da garin sauka a daular Rum ta wajajen shekara ta 200 miladiyya, ka faɗi lokacin tafiya, ka ce a ƙafa za ka bi, ko a keken shanu, ko a jirgin ruwa. Nan take ya ba ka yawan kwanaki da kuɗin da za a kashe da dinari, bisa farashin da Sarki Diocletian ya ƙayyade a 301. Ka ce masa hanya mafi araha kake so, sau da yawa sai ka ga layin ya bar tudu ya faɗa teku. Dakon alkama a keken shanu tsada ne da shi ba kaɗan ba.

Inda na fi jin daɗinsa shi ne arewacin Italiya. Titin Via Aemilia, wanda aka shimfiɗa a shekara ta 187 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya tashi daga Rimini zuwa Piacenza. Buɗe taswirar yau a gefe: ga Bologna, ga Modena, ga Parma, sun jeru a kansa kamar carbi, babbar hanya da layin dogo suna bin sahunsa. Har sunan yankin, Emilia-Romagna, daga titin ya samo rabinsa.

Amma kada ɗalibi ya ɗauka ko'ina haka ne. Binciken da masanin tattalin arziki Dalgaard da abokan aikinsa suka wallafa a 2022 ya nuna cewa a Turai, inda titunan Rumawa suka fi yawa nan ne tituna da hasken lantarki suka fi yawa a yau. A Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya kuwa alaƙar ta yanke, domin raƙumi ya kori keken dako, aka daina gyaran titunan.

Kwatanta da zamanin yau ba aikin ORBIS ba ne, shi a zamanin da ya tsaya, kwatancen kai za ka yi da kanka. Bayanansa da Turanci suke, sunayen garuruwa kuma da Latin, sai ka san Bononia ita ce Bologna. A kwamfuta za ka fi morar sa, don taswirar tana son babban allo.